Shekarar da Baba ya je biko da kirik

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Laraba al'amarin gidanmu ya fara lalacewa. Na san sa'ar ne don a daidai lokacin ake sakin ruwa a magudanar da ke shayar da gonakin wannan gefe na Jiratawa, kuma babu wanda ya kula da ruwan, har da ni da nake zaune kusa da shi da littafi a cinya. A shekarar ina aji na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Ranar Laraba ba mu komawa makaranta da yamma, shi ya sa Inna ta haɗa ni da Baba in sayo mata zogale da albasa daga hannun manoma. Shi kuwa aiki ne ya kai shi. Baba, wato kakanku Malam Garba, makaniki ne, garejinsa gindin wani itacen bedi ne a unguwar Zariya, kuma an aiko masa cewa wata bashe, motar a-kori-kura, ta ɗauko kayan matan da ke sarin zogale, wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinta ta baya, ta tsaya a bakin gona.

Da muka isa ya ce a sauke buhunan tukuna. Matan suka taso masa da magiya, wai kafin a sauke a sake ɗorawa magariba ta yi, ganye ya yi yaushi, gobe ba mai saye. Baba mutum ne da ba ya iya ce wa mace a'a in ta kira shi da sunan Allah. Ya yi dariya, ya ɗauko ɗan kirik ɗinsa, abin ɗaga mota da 'yan Najeriya ke kira jak, wani ƙarami mai kama da kwalba, ya kafa shi a ƙasa, ya ɗaga motar da kayanta, ya shimfiɗa kwali ya shige. A gareji yakan cusa tsohon janti, wato ƙarfen taya, a ƙarƙashi saboda tsaro, amma ranar bai zo da shi ba. Ƙasar kwarin nan kuwa mayaudariya ce. Samanta ya bushe ya yi ɓawo kamar za a yi sussuka a kai, amma magudanar ta tsage a wani wuri, ruwa yana bin ƙasa ba a gani. Ban ji wata babbar ƙara ba. Kamar an yar da buhun gero ne a bayana. Da na waiga, motar ta zauna, ƙafafun Baba kaɗai ake gani.

Manoman da ke kusa ne suka cece shi. Wasu suka hau suna jefo buhuna ko'ina, sauran suka sa kafaɗa suka ɗaga bayan motar, wani dattijo ya ja shi ta ƙafa. Ƙashin kafaɗarsa ta hagu ya karye, haƙarƙari ma sun karye, numfashi da ƙyar. Na durƙusa a kansa. Ya buɗe ido, ya dube ni, ya dubi magudana, sai ya ce da wata siririyar murya:

"Ku tsamo wa mutane zogalensu daga ruwa."

Ina rubuta wannan babi ne saboda ku, 'ya'yana. Kun tashi kuna jin ana ba da labarin nan a gidajen suna da biki, ana dariya, wai kakarku ta yi yaji a kan ɗan ƙarfe, wai taurin kanta ne ya sa na faɗi bak, jarrabawar fita lise, a karon farko. Masu faɗa ba su ga komai ba, ni kuwa ina wurin daga farko har ƙarshe. Na faɗi jarrabawar, gaskiya ne. Sauran kuma ga yadda ya kasance.

Inna, Rakiya, 'yar Tibiri ce, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Duk tsawon jinyar ban ga hawayenta ba. Ta kwana a asibiti, ta kawo maɗori bayan an sallame shi, ita ke ɗaga shi, ita ke kwantar da shi, kuma turminta bai huta ba ko yini ɗaya, don shi ne ya riƙe gidan a watannin. Ba ta taɓa ce masa me ya kai ka ba. Sai ranar da ya fara cin tuwo da kansa ba a tallafe shi ba. Ta bari ya wanke hannu, ta kwashe kwanuka, ta dawo ta zauna a bakin tabarma.

"Malam, na yi jinya na gama," in ji ta. "Ka gyara inji, ka gyara fitila, ka gyara duk abin da ake gyarawa a tsaye. Ranar da ka sake shiga ƙarƙashin mota, ranar zan tafi Tibiri."

"Rakiya, makanikin da ba ya kwanciya ai sunansa mai kallo."

"To ka zama mai kallo mai rai."

Ya yi dariya har haƙarƙarinsa suka tuna masa da kansu. Ita ba ta yi dariya ba.

Ya yi ƙoƙari, in faɗi gaskiya. Ya koma gindin bedinsa yana aikin tsaye, amma motocin da ke zuwa wurinsa bashe ne da tsofaffin taksi masu bin hanyoyin ƙauye, kuma ciwonsu kusan duk a ciki yake, ta ƙasa. Mutum zai zo, su gaisa, ya yi masa barka da arziki, sannan ya ja motarsa zuwa gareji na gaba. Ina ganin Baba yana dawowa da hannuwa masu tsabta, yana zama a zaure ba ya magana. Bai daɗe a haka ba. Wata safiya Inna tana wanki ta kira ni, ta ɗaga rigar aikinsa ta juya mini bayanta.

"Zuwaira, ke da kike karatu. Wanga yashi da baƙin mai na gadon baya, a tsaye ake samunsu?"

Na sunkuyar da kai. Ta ƙarasa wankin, ta shanya rigar, ta yi tuwon dare, har ta jiƙa mana geron kunun safe. Washegari ta goya autarmu, ta ɗauki ƙullin kayanta, ta tsaya a zaure ta yi wa Baba sallama kamar mai zuwa unguwa. Ya raka ta har bakin titi, shi ya tsayar mata da motar Tibiri. Babu wanda ya ɗaga murya a cikinsu.

A al'adarmu in mace ta yi yaji, miji yakan tashi da dattawa ya je biko, a ba da haƙuri, a yi 'yan nasihohi, ta biyo shi. Baba ya je da limamin unguwarmu, ni ma aka tafi da ni don in ga Inna. Gidan yayanta ne, Kawu Laminu, manomi mai amalanke da shanu biyu, mai faɗin murya da son a gama magana da wuri. Liman ya yi dogon bayani a kan haƙuri da ƙaddara, Kawu yana ta gyaɗa kai, yana cewa ai magana ta ƙare. Inna tana bayan labule tana saurare. Da aka nemi ta bakinta, tambaya ɗaya ta yi.

"Ya daina?"

Liman ya dubi Baba, Kawu ma ya dube shi, har yana ƙyafta masa ido. Kalma ɗaya ce kawai, da ya faɗe ta da mun koma gida tare a ranar. Baba ya dubi tafin hannunsa.

"Ban daina ba," ya ce. "Kuma ba zan ce zan daina ba, don ban iya wata sana'a ba."

"To ku gaida gida," in ji Inna.

A hanya liman ya yi ta faɗa, wai ko a addini an yarda mutum ya sassauta magana don gyaran aure. Baba ya ce shi bai taɓa yi wa Rakiya ƙarya ba, ba zai fara da tsufansa ba. An sake komawa biko da wasu dattawan, tambayar ba ta canja ba, amsar ma haka.

Gidan ya dawo kaina. Ni ke girki, ni ke wanki, ni ke shirya ƙannena biyu zuwa makaranta, in na buɗe littafi da yamma sai in farka in ga kaina a kan shafi. Ban kasance mai magana ba tun ina ƙarama, a aji ma in malam ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Duk Lahadi nakan je Tibiri, in zauna kusa da Inna tana murza ƙuli, in yi ta juya tambayar a baki har la'asar, sannan in ce a hankali, Inna, yaushe za ki koma? Ba ta taɓa amsawa ba. Sai ta tambaye ni ko ƙannena suna cin abinci, ko ana shafa wa Baba man zafi a kafaɗa, ko har yanzu yana tari in ya kwanta ta hagu. Ta cika mini kwalba da mai, ta ƙulle ƙuli, ta ce in gaida gida. Mace mai fushi ba ta tambayar ta wane gefe mijinta ke kwanciya. Tsoro ne ya kai ta Tibiri. Ta riga ta ga yadda ake shigo da shi a kwance, ta ƙudura ba za ta zauna a tsakar gidan nan tana jiran a sake shigo da shi ba.

Ni abin da na iya shi ne neman abu a littafi, shi na yi. A ɗakin karatu na lise na samo wani tsohon littafin gyaran mota da Faransanci, a ciki akwai hoton wani mutum kwance a ƙarƙashin mota, motar tana zaune a kan wasu ƙafafun ƙarfe masu faɗin gindi, kirik yana gefe. Na kwana biyu da littafin ban iya nuna wa Baba ba. Ina jin nauyin a ce ni zan koya masa aikinsa. A ƙarshe na buɗe shafin na ajiye a kan faifai kusa da kwanon tuwonsa, na koma bakin murhu. Can na ji ya kira.

"Malama." Haka yake kirana in yana tsokana. "Wanga bature mi ya samu a ƙarƙashin mota yake murmushi?"

Na zo na durƙusa na karanta masa, ina fassarawa. An rubuta cewa aikin kirik ɗagawa ne kawai. In mota ta tashi, sai a sa mata waɗannan ƙafafu a wuri mai ƙarfi na shasi, wato ƙashin bayan motar, a sauke ta a kansu, kuma kada mutum ya sa ko hannunsa a ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita.

"Shandel ke nan," ya ce. "Mun san su. Manyan gareji suna da su, na yi aiki da su ina saurayi. Mu a gindin itace janti da bulo muka gada, rabin lokaci ma ko su ba mu sawa, don mai mota yana tsaye a kanka yana duba agogo." Ya ja littafin kusa da fitila. "Jibi ki raka ni kasuwa. Ki zo da idonki."

Washegari ya sayar da babur ɗinsa, abin da yake ji da shi fiye da komai a cikin kayansa. Daga ranar har ya bar aiki da ƙafa yake zuwa gareji.

Shagon da muka je na wani Alhaji Mamman ne, mai sayar da kayan mota, sababbi daga Kano da na hannu daga Kwatano. Sun san juna tun suna yara, yana hango mu ya fara.

"Ga wanda bashe ta tauna ta tofar. Malam Garba, ashe ba ka da daɗi."

"Ƙashi ne ya yi mata yawa, Alhaji. Kai da ta samu, da ta lashe baki."

Baba ya ce ba ya son mai kama da kwalba kuma, gindinsa ƙarami ne, ƙasa na ɗan motsawa ya kife. Irin dogon nan yake so, mai tayoyi, mai kwanciya a ƙasa, wanda makanikai ke kira kada saboda tsawon bakinsa. Alhaji ya sa aka jawo guda uku. Ɗaya ja ne mai sheƙi, ƙarami, mara nauyi. Ɗaya tsoho ne na Turai, ƙarfensa kamar na jirgin ƙasa, Alhaji yana ta yabonsa. Na ukun toka-toka ne, ba shi da kyan gani, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi. Aikina shi ne in durƙusa in karanta abin da aka buga a jikin kowanne. Jan tan biyu yake ɗauka, sauran tan uku-uku. Na gaya wa Baba a kunne cewa littafin ya ce a zaɓi wanda ƙarfinsa ya zarce nauyin motar sosai, kada a tsaya a daidai wa daida. Ya ce bashen ƙauye ba ta taɓa zuwa gareji da cikinta wofi ba, don haka jan ya fara fita daga ransa.

Sai ya zaro kara biyu daga aljihun rigarsa. Ashe tun da safe ya auna a gareji. Gajeren tsayin cikin taksi ne daga ƙasa, dogon kuwa inda ya kamata bashe ta kai kafin tayarta ta bar ƙasa a sa shandel. Duk kirik ɗin da bakinsa bai kwanta ƙasa da gajeren ba, ba zai shiga ƙarƙashin taksi ba. Wanda kuma bai miƙe ya wuce dogon ba, ba shi da amfani ga bashe. Jan bai kai dogon kara ba, aka mayar da shi ciki. Saura biyu. Baba ya ce a ba shi aron motar Alhaji da ta maƙwabcinsa, da ke tsaye a kan daɓen siminti a ƙofar shago. Ya ɗaga kowacce da kirik ɗaya, ya jingina kara a jikin motar ya yi alama da farce, ya ce kowa ya matsa, a tafi sallar azahar.

"Malam Garba, ko aure ba a yi masa wanga bincike," in ji Alhaji.

"Ai auren nake saye, Alhaji."

Ni aka bari ina tsaro, in hana yara matsowa. Kafin su dawo daga masallaci na ga motar da ke kan na Turai ta ɗan sunkuya, kuma wani ɗigon mai ya fito a ƙarƙashin kirik ɗin. Baba ya gwada kararsa, ta sauka da faɗin yatsa. Ya ce ƙarfen na kirki ne amma cikinsa ya gaji, irin wannan ne ke sauke maka mota a ƙirji kana tsakiyar aiki ba ka sani ba. Toka-tokan bai motsa ba. Ya murɗa hannunsa kaɗan don ya ga saukarsa, motar ta sauko sannu kamar raƙumi zai durƙusa, ya tsayar da ita a tsakiya ta tsaya, ya sake ta ƙarasa. Ya sa aka fito da shandel biyu masu ƙusa mai kauri da ke ratsa su, ya duba walda ta kowace ƙafa, ni kuma na duba nauyin da aka rubuta. Alhaji ya dube ni ya ce, ɗiyata, takarda ta yarda? Na ce ta yarda, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Daga nan muka bi ta wurin kafinta, Baba ya sa aka yanka masa katako mai kauri da faɗi wanda tayoyin kada za su yi tafiya a kai, da gumagumai biyu na tokare taya.

A gareji abokan aikinsa suka samu abin dariya, wai Malam Garba yana yi wa mota shimfiɗa kafin ya taɓa ta, saura ya yi mata fifita. Wasu masu motoci suka ce ya cika ɓata lokaci, suka daina zuwa. Bai kula ba. Da hannunsa ya saba da kayan, sai ya je wurin mai bashen nan da ta danne shi, ya roƙi aronta na yini ɗaya. Ranar Lahadi da hantsi muka kama hanyar Tibiri, ba liman, ba dattijo, daga shi sai ni sai ƙarafa a baya.

Kawu Laminu ya buɗe mana ƙofar da amalankensa ke shiga, Baba ya shigar da motar har filin da ke gaban turken shanu. Kawu ya zagaya ta yana riƙe da baki.

"Yau kuma da mi aka zo biko? Ina dattawan?"

"Ga su nan a baya, yaya. Su ba su da dogon wa'azi."

Inna ta fito bakin ƙofar ɗaki da tire a hannu, ta gaishe shi kamar baƙo, ta tsaya. Baba bai yi mata bayani ba, aiki kawai ya fara. Ya ja birkin hannu, ya sa giya, ya tokare tayoyin gaba da gumagumai. Ya share yashi da ƙafa ya daidaita wuri, ya shimfiɗa katako, ya tura kada a kai har bakinsa ya kama ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Ya ɗaga a hankali da hannunsa mai lafiya, ya cusa shandel a kowane gefe na shasi ba tare da ya sa kansa a ciki ba, ya sauke motar a kansu, ya bar kirik yana taɓa ta kaɗan. Sannan ya sa kafaɗa ya girgiza ta, ya ja da baya yana haki.

"Rakiya, kin gani. Ko shanun yaya aka ɗaura mata ba ta faɗuwa."

Inna ta ajiye tire. Ta shiga ɗaki ta fito da tabarmar sallarta, ta wuce mu duka, ta durƙusa ta shimfiɗa ta a ƙarƙashin motar. Kafin wani ya gane abin da take nufi ta gyara zanenta ta kwanta, ta ja jiki ta shige har tsakiya.

"To girgiza ta, Malam."

"Rakiya, kin haukace?" in ji Kawu. "A gidana? Fito, maƙwabta suna leƙe."

"Su leƙa. Ya ce ba ta faɗuwa."

Na dubi Baba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar Jiratawa. Gumi ya keto masa, ya ɗaga hannuwansa sama kamar mai tsoron kada rigarsa ta taɓa motar. Ya durƙusa a gefe yana magana ƙasa-ƙasa.

"Fito, don Allah. Fito tukuna in sake dubawa."

"Kai da ka gama dubawa?"

"Na ce ki fito, Rakiya."

Ta fito, ta zauna a kan turmi ta harɗe hannu. Baba ya bi motar da rarrafe yana duban kowane abu kamar bai taɓa ganinta ba, sai ya tsaya a shandel na dama. Ya sa wa kirik katako, amma shandel a kan yashi ya kafa su, kamar yadda yake yi a garejinsa inda ƙasa ta sha mai ta taurare. Yashin Tibiri kuwa laushi gare shi. Ƙafa ɗaya ta fara nutsewa, kaɗan ne, sai an kwanta an duba ake gani. Girgizar da ya yi da farko ba ta nuna masa ba, kuma da shi ne zai shiga, na tabbata da ya shiga hakanan. Ya miƙe ya ce wa Kawu yana son katako biyu masu kauri. Kawu ya ce shi ba kafinta ba ne. Baba ya nuna bencin da Kawu ke zama a kai a zaure.

"Bencina? Ka kore mini ƙanwa, ka cika mini gida da baƙin mai, yanzu kuma benci?"

Yana faɗa yana ɗauko zarto. Aka raba bencin biyu. Baba ya sake ɗaga motar, ya sa kowane shandel a kan katakonsa, ya sauke, ya duba, bai gamsu ba ya sake ɗagawa ya gyara zaman na hagu. Ya ciro tayar safaya ya tura ta kwance a ƙarƙashin shasi, ko da komai zai ci amana. Ya girgiza ta gaba, ya girgiza ta gefe, ya sa Kawu ya hau baya ya yi tsalle, ya sake kwanciya ya dubi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Rana ta take sosai kafin ya miƙe. Ku kuma kada wani cikinku ya ce zai kwaikwayi abin da ya biyo baya. Girgiza mota kafin a shiga ake yi, kuma Baba bai sake yarda wani ya yi irin wannan a gabansa ba.

"Yanzu shiga," ya ce mata.

Ta shiga. Ya yi bisimilla ya sa kafaɗarsa ta dama ya tura da duk ƙarfinsa, motar ko gezau. Inna ba ta yi saurin fitowa ba. Ta ɗan jima a kwance tana kallon cikin motar, mu kuma muna tsaye muna kallon tafin ƙafarta.

"Ashe nan kake yini," muka ji ta ce. "Wuri ko iska babu."

Da ta fito ta naɗe tabarmarta ta wuce ɗaki, ba ta dubi kowa ba. Baba ya zauna a kan turmi. Kawu ya kawo masa ruwa a moɗa, wannan karon bai yi tsokana ba. Na bi Inna ciki. Na same ta zaune a bakin gado, ta dafe gwiwoyinta da hannu biyu. Bak saura 'yan makonni a lokacin, kuma na riga na san ba zan ci ba, sai a shekara ta gaba na samu. Ban taɓa jin cewa an cuce ni ba. Kakanku ya yi aiki a ƙarƙashin motoci har gemunsa ya yi fari fat, kuma a kan gadonsa ya cika, kuna gefensa. Amma a ranar ban san ko ɗaya daga wannan ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina murza gefen mayafina, na ce, Inna, za ki koma?

"Da ya gamsu da ɗagawar farko, da kin koma ke kaɗai," in ji ta. "Mutumin da ya raba bencin yaya biyu, shi zan iya jira ya dawo da yamma. Ɗauko mini goyo. Ki ce wa ubanki ya sauke motar a hankali, kuma gaba zan zauna, ni ba buhun zogale ba ce."